Rigimar "Al'adu Biyu" a Kambirij: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bunƙasar Tattalin Arziki da Tarken Adabin Ingilishi

Ɗalibin tattalin arziki da ɗalibin sashen Ingilishi sukan ɗauka babu abin da ya haɗa su sai harabar jami'a. Amma tsakanin 1959 da 1962 an yi wata taƙaddama a Jami'ar Kambirij ta Ingila tsakanin C. P. Snow, masanin kimiyya kuma marubuci, da F. R. Leavis, manazarcin adabi, wadda ta gwara kan fannonin biyu, har ta kai ga kunnen gwamnati. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kanta.

Me ya haɗa masanin tattalin arziki da manazarcin adabi tun farko?

Asalinsu ba shi da nisa da juna. Adam Smith, wanda ake kira uban ilimin tattalin arziki na zamani, laccocin balaga da adabi ya fara gabatarwa a Edinbara a 1748, kusan shekara talatin kafin babban littafinsa kan arzikin ƙasashe ya fito a 1776. Da masana'antu suka mamaye Ingila a ƙarni na 19, marubuta irin su Thomas Carlyle da John Ruskin da Charles Dickens ne suka fi kowa ɗaga murya kan hayaƙi da cunkoso da aikin ƙananan yara a masaƙu. Tarken adabin Ingilishi, wato feɗe adabi da auna darajarsa, a cikin wannan gardama ya yi wayo. Shi ya sa manazarcin adabi a Ingila bai taɓa ganin aikinsa ya tsaya ga auna baitin waƙa kawai ba, yana ganin yana da ta cewa kan inda ƙasa ta dosa.

Wane ne C. P. Snow, kuma me ya faɗa a 1959?

An haifi Snow a Leicester a 1905, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Karatun kimiyya ne ya kai shi Kambirij, ya zama malami a Kwalejin Christ's. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma aikin gwamnati, yana zaƙulo masana kimiyya yana tura su inda ake bukatarsu, bayan yaƙi kuma ya zama kwamishina a hukumar ɗaukar ma'aikata. Duk da haka bai daina rubuta ƙagaggun labarai ba, kuma sun yi kasuwa.

Ranar 7 ga Mayu 1959 ya gabatar da laccar Rede ta shekara-shekara a Kambirij, wadda aka fi sani da "Al'adu Biyu". Ya ce masu ilimin Yammacin duniya sun dare gida biyu, masana kimiyya a nan, ma'abota adabi a can, ba mai jin yaren wani. Ya ba da labarin yadda ya sha zama a taron manyan 'yan boko suna yi wa masana kimiyya dariyar rashin karatu, har wata rana ya hasala ya tambaye su wa zai iya bayanin doka ta biyu ta ilimin zafi, wato wadda ke cewa zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi ya koma mai zafi. Wuri ya yi tsit. Ya ce ai tambayar daidai take da a tambayi masanin kimiyya ko ya taɓa karanta wani abu na Shakespeare. Bai tsaya nan ba, ya kamanta ma'abota adabi da masaƙan nan da suka riƙa farfasa injuna a Ingila tsakanin 1811 da 1816 don tsoron rasa abin yi.

To ashe gardamar kimiyya da adabi ce kawai?

A'a, kuma nan ne mafi yawan masu ambaton laccar suke zamewa. Kashin ƙarshe nata kan ƙasashe masu arziki da matalauta ne, kuma a 1963 Snow da kansa ya ce da ya sani da wannan sunan ya raɗa wa laccar gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce masana'antu kaɗai ne mafitar talaka. Ya ce duk ƙasar da talakawa suka samu dama, barin gona suke yi su nufi masana'anta iyakar yadda za ta iya ɗaukarsu, kuma wanda cikinsa ke cike ne yake yi wa rayuwar ƙauye ta da waƙa. Abin da Asiya da Afirka suke bukata, a ganinsa, jari ne daga waje, da dubban injiniyoyi da masana kimiyya da za su je su zauna shekaru, da tsarin ilimi mai yaye irinsu a gida. Ya kuma yi gargaɗi cewa in Yamma ta yi sanya, Tarayyar Sobiyat za ta yi aikin ta kwashe ladan. Saboda haka laccar shawara ce ga gwamnati kan inda za ta zuba kuɗin ilimi, sai dai ta shigo ta ƙofar adabi.

Me ya sa maganar bunƙasar tattalin arziki ta yi tashe a daidai wannan lokaci?

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya dami masana shi ne rashin aikin yi da karyewar kasuwa. Bayan yaƙi ne aka fara amfani sosai da alƙaluman da ake iya auna abin da ƙasa ke samarwa a shekara, a kwatanta bana da bara, a kwatanta Birtaniya da Jamus ta Yamma. Da Turawan Ingila suka duba sai suka ga Jamus da Faransa suna gudu su suna tafiya. Ga kuma Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957.

A jami'o'i ma an yi ta fitar da nazari mai nauyi a 'yan shekarun nan. A 1954 Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia da ke koyarwa a Manchester, ya nuna yadda ƙasa mai tarin hannaye a karkara za ta iya bunƙasa: ma'aikata su riƙa kwarara zuwa masana'antu a kan lada maras yawa, riba ta taru, a sake zuba ta. A wurinsa babbar tambayar ita ce yadda ƙasar da ke adana kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da take samu za ta koma mai adana kashi 12 zuwa 15. A 1956 da 1957 Robert Solow na Amurka ya zo da abin da ya fi ba da mamaki. Da ya bi alƙaluman Amurka daga 1909 zuwa 1949, sai ya tarar kusan kashi bakwai cikin takwas na ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa a sa'a ba daga tara injuna da gine-gine ya zo ba, daga ci gaban fasaha da dabarun aiki ne. Wannan ya yi wa masu ra'ayin Snow daɗi ƙwarai, domin in ilimi ne ke tura arziki, to kuɗin makaranta jari ne. Theodore Schultz ya ƙarasa zancen a 1961 da nazarinsa kan zuba jari a jikin ɗan'adam.

Sai W. W. Rostow, masanin tarihin tattalin arziki ɗan Amurka, wanda a Kambirij ɗin ya gabatar da laccocinsa a 1958 kafin su zama littafi a 1960. Ya jera matakai biyar da ya ce kowace ƙasa za ta taka, daga zaman gargajiya zuwa yalwar kayan masarufi. Tsarin ya yi sauƙin haddacewa, abin da ya sa 'yan siyasa suka rungume shi kuma masana tarihi suka yi masa ca. Rostow ya ƙare mai ba Shugaba Johnson na Amurka shawara kan tsaro a lokacin yaƙin Biyetnam.

Shi kuma F. R. Leavis fa?

Ɗan garin Kambirij ne, haihuwar 1895, mahaifinsa mai shagon sayar da kayan kiɗa. Ya yi aikin ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko. Ya koyar a Kwalejin Downing, kuma shi ne ƙashin bayan mujallar Scrutiny daga 1932 zuwa 1953, tare da matarsa Q. D. Leavis, wadda ita ma gawurtacciyar manazarciya ce. Kambirij ba ta taɓa ba shi kujerar farfesa ba, abin da ya riƙe a zuci har ya mutu a 1978. Amma ɗalibansa sun bazu a makarantun sakandare da jami'o'in Birtaniya da ƙasashen da ta raina, suka tafi da salonsa.

Salon ya samo tushe daga abin da I. A. Richards, malamin adabi a Kambirij, ya riƙa yi a ajinsa a shekarun 1920. Yakan raba wa ɗalibai takarda ɗauke da waƙoƙi, babu sunan mawaƙi, babu shekara. Su tafi da ita, su dawo da sharhinsu a rubuce. Sai ga ɗalibai masu ƙwazo suna kushe manyan mawaƙa suna yabon tarkace, domin an ɗauke musu sunan da suke jingina da shi. Leavis ya ɗauki wannan horo na karatun ƙwaƙwaf, kalma bayan kalma, ya mayar da shi ma'aunin lafiyar al'umma. A ganinsa, in harshen jama'a ya lalace da yaren talla da na jaridun kasuwa, tunaninsu ma ya lalace, kuma sashen Ingilishi na jami'a shi ne wurin da ake tsaron wannan amana.

Me ya faɗa game da Snow har abin ya zama abin magana?

Ya yi shiru kusan shekara uku. Abin da ya tunzura shi shi ne ganin laccar Snow ta shiga makarantu, har ɗalibai masu neman gurbi suna kawo ta a amsoshinsu kamar karatun da ba a ja da shi. Ranar 28 ga Fabrairu 1962, dab da ritayarsa, ya gabatar da laccar Richmond a Downing, mujallar Spectator ta buga ta a watan Maris. Ya yi wa Snow wankin babban bargo. Ya ce bai san tarihi ba, bai san adabi ba, kuma a matsayin marubucin labari ma babu shi sam. Ya bi jimlolin laccar ɗaya bayan ɗaya yana nuna cewa maganganu ne da aka saba ji, ba tunanin da mutum ya sha wahala ya haifa ba.

Wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa mujallar, akasarinsu na tir da Leavis. Daga Amurka, manazarcin adabi Lionel Trilling ya rubuta cewa lafazin Leavis bai dace ba, amma ita ma laccar Snow cike take da kurakurai. Snow bai tanka nan take ba.

In an cire zagin, akwai hujja a ciki?

Akwai, kuma zagin ne ya binne ta. Leavis bai ce a rufe masana'antu ba, bai kuma ce kimiyya banza ce ba. Tambayarsa ita ce: an tara arzikin, sannan me? Snow yana magana kan ƙarin albashi da ƙarin kaya da ƙarin shekarun rayuwa kamar su ne ƙarshen zance. Leavis ya ce su mafari ne. Wace irin rayuwa za a yi da su, kuma wane ilimi ne zai taimaki mutane su auna wannan? Lissafi ba zai amsa ba, domin lissafi yana gaya maka nawa ne, ba ya gaya maka ko ya dace.

Akwai littafin Dickens guda da Leavis ya ɗaukaka tun 1948, Hard Times, kuma farkonsa ya nuna abin da yake nufi. Mai makaranta, mutumin da bai yarda da komai ba sai alƙaluma, ya tsayar da wata yarinya da yake kira da lamba maimakon suna, ya ce ta faɗi mene ne doki. Yarinyar a cikin dawaki ta tashi, mahaifinta a gidan wasan dawaki yake aiki, amma ta daburce ta kasa. Wani yaro ya miƙe ya zubo haddar: ƙafa huɗu, cin ciyawa, haƙora arba'in. Aka ce wa yarinyar yanzu ta san doki. Ga Leavis, mai tsara manufa da bai san komai game da jama'a ba sai abin da ke cikin jadawali, wannan yaron ne ya girma.

Abin lura shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ma'aunin kuɗin shigar ƙasa ma ya yi irin wannan gargaɗi. Simon Kuznets, a rahoton da ya shirya wa majalisar dokokin Amurka a 1934, ya ce da wuya a gane jin daɗin al'umma daga alƙaluman kuɗin shigar ƙasa.

Inda Leavis ya yi tuntuɓe shi ne kan talauci. Ya tambaya ko wa zai ce mutumin birnin zamani ya fi manomin Indiya ko mafaraucin dajin Afirka cikar mutuntaka. Tambaya ce mai daɗin faɗi a ɗakin cin abincin kwaleji. Uwar da ta binne 'ya'ya uku saboda ƙyanda da gudawa ba ita aka tambaya ba, kuma da an tambaye ta, asibiti da ruwan famfo za ta zaɓa. A nan Snow ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba.

Wanne daga cikinsu gwamnati ta saurara?

Snow, ba tare da wata-wata ba. A 1963 kwamitin da masanin tattalin arziki Lionel Robbins ya jagoranta ya ba da shawarar a faɗaɗa ilimi mai zurfi, daga ɗalibai kusan 216,000 zuwa kusan 560,000 kafin 1980, bisa ƙa'idar cewa duk wanda ya cancanta kuma yake so a ba shi gurbi. Kwalejojin fasaha da dama suka zama jami'o'i. Leavis ya yi ta sukar wannan faɗaɗawa har ƙarshen rayuwarsa, yana ganin za ta mayar da jami'a masana'antar takardar shaida. A 1963 ɗin dai Harold Wilson, shugaban jam'iyyar Labour, ya yi jawabi a garin Scarborough kan sabuwar Birtaniya da za a ƙera da kimiyya. Da ya ci zaɓe a 1964 ya kafa Ma'aikatar Fasaha, aka ba Snow sarautar Lord da muƙamin ƙaramin minista a cikinta.

Sakamakon bai kai alkawarin ba. Tsarin Ƙasa na 1965 ya yi burin tattalin arziki ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 zuwa 1970. Matsalar kuɗin fam ta kashe shi cikin shekara guda, aka karya darajar fam a 1967. Snow kuwa ya bar gwamnati tun 1966.

Hasashen Snow kan ƙasashe matalauta ya tabbata?

Ya ce duk abin da zai kai shekara ta 2000, giɓin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba zai kai ba. Ya kai, har ya wuce. Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo sun tsallake, Sin kuma daga 1978 ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci a lissafin Bankin Duniya. Amma ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara sun shiga shekara ta 2000 ba su fi yadda suke a 1980 ba. Kuskuren Snow shi ne ya ɗauka matsalar ta injiniya ce: a kawo jari, a kawo ƙwararru, aiki ya tashi. Bai yi lissafin siyasa ba, da bashi, da faɗuwar farashin kayan gona da ma'adinai, da hukumomin da ba sa aiki, da shugabannin da ke wawure baitulmali. Waɗannan kuwa abubuwa ne da masanin tarihi ko marubucin labari zai fi saurin hangowa.

Shin masana tattalin arziki sun taɓa waiwayar tambayar Leavis?

Sun waiwaya, ko da yake ba da sunansa ba. A 1974 Richard Easterlin ya nuna cewa arzikin Amurka ya yi ta ƙaruwa bayan yaƙi amma yawan masu cewa suna cikin farin ciki bai bi shi ba, kuma har yau ana gardama kan wannan sakamako. Amartya Sen ya kawo ra'ayin a auna ci gaba da abin da mutum ke iya yi da rayuwarsa, ba abin da ke aljihunsa kawai ba. Tare da Mahbub ul Haq na Pakistan, wannan ya haifar da ma'aunin ci gaban ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, mai haɗa kuɗin shiga da ilimi da tsawon rai. Masaniyar falsafa Martha Nussbaum, wadda ta yi aiki da Sen, ta koma kan wancan littafi na Dickens don nuna wa alƙalai da masu tsara manufa amfanin karanta labari. Deirdre McCloskey kuma ta juya akalar gaba ɗaya a shekarun 1980: ta ɗauki kayan aikin tarken adabi ta feɗe rubutun masana tattalin arziki, ta nuna su ma da kamance da labari da balaga suke jawo hankalin juna, ba da lissafi zalla ba.

Sai dai Leavis da ya ga ma'aunin 1990 da wuya ya gamsu. Ƙorafinsa ba wai ana auna abin da bai dace ba ne. Cewa yake akwai abin da ba a aunawa da lamba, sai da hukuncin mutum mai horo yana tattaunawa da wani irinsa.

Wannan rigima ta shafi Afirka ta wata hanya?

Ta shafe ta ta fuska biyu. Ta fuskar manufa, hukumar da ta tsara wa Najeriya ilimi mai zurfi dab da samun 'yanci, wadda ta miƙa rahoto a 1960, Eric Ashby ne ya shugabance ta, masanin tsirrai kuma shugaban Kwalejin Clare a Kambirij. Rahoton ya ɗauki ilimi a matsayin jari, ya yi ƙiyasin ƙwararrun da ƙasa za ta bukata, kuma yana cikin abin da ya share fagen kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Legas a 1962. Ƙa'idar ba fannonin kimiyya kashi 60 na guraben jami'a, sauran fannoni kashi 40, daga irin wannan tunani ta fito. A Gana kuma Arthur Lewis da kansa ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, suka saɓa kan yadda ake kashe kuɗi, ya bar aikin a shekarar da ta biyo.

Ta fuskar adabi, sassan Ingilishi na Ibadan da Makerere da Nairobi sun gaji manhajar da inuwar Leavis ta lulluɓe. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka rubuta takardar neman a rushe sashen Ingilishi, a kafa na adabi da harsunan Afirka a madadinsa. Sun yarda da Leavis cewa adabi ne zuciyar ilimin al'umma. Abin da suka ƙi shi ne a ce adabin Ingila ne zai zauna a wannan kujera a Kenya.

Yaya sassan Ingilishi suke a Birtaniya yanzu?

Suna cikin matsi. Tun da aka ɗaga kuɗin makaranta zuwa fam 9,000 a shekara a Ingila a 2012, ɗalibi da iyayensa sukan fara tambayar albashin da digiri zai kawo, kuma yawan masu zaɓar Ingilishi a ƙarshen sakandare da jami'a ya ragu sosai. Wasu jami'o'i sun rage malamai ko sun rufe kwasa-kwasan adabi. Daga 2014 kuma tsarin da ake raba wa jami'o'i kuɗin bincike ya fara neman kowane sashe ya nuna tasirin aikinsa a wajen harabar jami'a. Sakamakon haka, malaman adabi sukan kare kansu da alƙaluman kuɗin da masana'antar littattafai da fina-finai da wasan kwaikwayo ke kawo wa ƙasa. Stefan Collini, farfesa mai ritaya na Kambirij wanda ya sake fitar da laccocin Snow da Leavis duka biyu da dogon sharhi, yana cikin masu cewa wannan kariya ta riga ta miƙa wuya, tunda ta amince cewa bunƙasar tattalin arziki ce alƙalin da kowane fanni zai gurfana a gabansa.